Na gama biyan bashin gidan hutu a Olando, kuɗin shekara ya ƙi ƙarewa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina aiki a Atlanta ta Amurka. A 2015 na kai iyalina hutu Olando da ke jihar Fulorida, aka ba mu tikitin wurin wasan yara kyauta da sharaɗin mu zauna mu saurari talla na awa ɗaya da rabi. Ba mu fito ba sai da muka sa hannu kan sayen mako guda na kowace shekara a gidan hutu na karɓa-karɓa, wanda a nan suke kira taimshiya, a kan dala 21,000. Na ba da 2,100, sauran ya zama bashin shekara goma da ruwa 15 cikin ɗari. Bana, 2025, Allah ya yanke mini wahala na gama biya. To amma kuɗin kula da gidan da ake karɓa duk shekara, wanda ya fara daga dala 890, yanzu ya kai 1,640, ban da wata dala 700 da suka ce ta gyaran rufi ce. Sau shida kawai muka je. Maman Hanifa tun a ranar ba ta so ba, don haka ban taɓa gaya mata yadda kuɗin ya hau ba. Wani kamfani ya kira ni ya ce in ba shi dala 6,500 ya fitar da ni, amma in daina biyan kuɗin shekarar. Ina kuma tunanin ko in ba ƙanena da bai daɗe da zuwa ba, ko in bar wa yara gado. Nan da shekara bakwai nake son komawa gida. Me ka gani?

Baban Hanifa, Atlanta

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Barka da sauke wancan bashi, Allah ya sa daga shi ka rabu da kuɗin ruwa ke nan. Kafin komai, mutanen da suka kira ka a waya kada ka tura musu ko sisi, kada kuma ka daina biya don sun ce ka daina. Zan dawo kansu.

Na ɗauki biro na haɗa lissafin da ka kawo, don na lura kai ba ka haɗa shi ba, wataƙila da gangan. Bashin dala 18,900 da ruwa 15 cikin ɗari na shekara goma yana cin kusan dala 305 a wata. Idan aka tara da kafin alƙalamin da ka bayar, gidan da aka ce maka 21,000 ne ya tashi a kan kusan 38,700. Kuɗin shekara daga 2015 zuwa yau ya kai wajen 13,500, ga ta rufi 700. Jimilla ka doshi dala 53,000. Zuwa shida, kwana bakwai-bakwai, kwana 42 ke nan, wato kowane dare ya tsaya maka fiye da dala 1,200.

Na kawo wannan ne don ka gan shi sau ɗaya, ka yi masa ta'aziyya, ka rufe littafin. Kuɗin nan ba zai dawo ba ko ka ci gaba da riƙe gidan ko ka sake shi. Abin da ke ɗaure mutane shekara da shekaru shi ne maganar nan ta "na zuba da yawa, ba zan bar shi a banza ba". Ai an riga an bar shi, tun ranar da aka sa hannu. Wajen rabin farashin da kamfani ke sayar da irin wannan mako a talla yake tafiya: tikitin kyautar da aka ba ku, karin kumallon, kamashon wanda ya shawo kanka da na manajansa. Shi ya sa mako da aka saya a kan 21,000, idan aka fito da shi kasuwar na-hannu, sai ka gan shi a kasuwar intanet ta eBay ana neman dala ɗaya babu mai tayawa. Akwai 'yan kaɗan da ke riƙe daraja, irin na Disney da wasu makonni masu tsada na Marriott da Hilton, amma Olando cike take maƙil da irin waɗannan gidaje, mai sayarwa ya fi mai saye yawa nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya taɓa shiga irin ɗakin tallan nan ya san yadda ake yi. An kai yara wani ɗaki an kunna musu katun, kai da uwargida kuna gaban wani ɗan teburi, wani matashi mai fara'a yana zana muku a farar takarda yadda kuɗin otal zai yi ta hawa nan da shekara ashirin, yana jan layi ƙarƙashin wani adadi mai ban tsoro. Ka ce za ka yi shawara, sai manaja ya jawo kujera ya zauna, ya soke farashin ya rubuta wani, ya ce amma yau kaɗai ne. A cikin wannan zanen, kuɗin otal ne kawai yake hawa. Kuɗin kula da gida a tsaye yake cak, kamar hauhawar farashi ba ta san da shi ba. Dokar jihar Fulorida ta ba mai saye kwana 10 ya soke ciniki a mayar masa da kuɗinsa, a ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 ne. Kai taka ta wuce tuntuni, na faɗa ne saboda wani mai karatu da bai daɗe da dawowa daga hutu da jakar takardu ba.

Yanzu abin da ke hannunka doki ne. Kuɗin sayensa ba shi ne abin ji ba, harawa ce da dawa da albashin ɗan muri, kuma ko an hau shi ko ba a hau ba sai ya ci.

Kuɗin nan kuma ba zai sauka ba, kada wani ya ruɗe ka. ARDA, ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a da kansu, ta ce matsakaicin kuɗin shekara a Amurka yana wajen dala 1,000 a 2018, ya haura 1,200 a 2023. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ginin da ya kai shekara ashirin ko talatin yana neman sabon rufi, sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, sabbin katifu da kafet, kuma baƙi hamsin ne ke murza ɗaki guda a shekara. Masu shara da wanki da gadi albashinsu na hawa: a 2020 mutanen Fulorida suka kaɗa ƙuri'ar ƙara mafi ƙarancin albashi da dala ɗaya duk shekara har ya kai dala 15 a awa a watan Satumba na 2026. Inshorar gine-gine a jihar ta yi tashin gwauron zabi, musamman bayan mahaukaciyar guguwar Ian ta watan Satumba 2022, wadda ta jawo ambaliya har cikin Olando. Ga harajin gini. Idan asusun ajiyar gyara bai isa ba, sai a yanka wa kowa kuɗin gaggawa, irin dala 700 ɗin da ka biya, kuma babu dokar da ta ce sau ɗaya za a yi.

Akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba. Kamfanin da ke gudanar da gidan, wanda sau da yawa reshe ne na wanda ya sayar maka, galibi kaso yake ɗauka daga kasafin shekara, don haka hawan kasafi bai taɓa hana shi barci ba. Na biyu, a cikin kasafin akwai layin da aka ware don cike giɓin waɗanda suka gaza biya. Duk lokacin da kuɗi ya hau, wasu tsofaffi da suka saya tun shekarun 1990 sai su saki, nauyinsu ya dawo kan masu biya, kuɗin ya ƙara hawa, wasu su ƙara saki. Kana da haƙƙin ganin wannan kasafi dalla-dalla. Ka nema, ka duba layin bashin da ba a karɓo ba da na ajiyar gyara. Idan na farkon yana kumbura na biyun yana da ƙarami, to wani kuɗin gaggawar na tafe.

Daga 890 zuwa 1,640 cikin shekara goma, hawan kusan 6 cikin ɗari ke nan duk shekara. Idan aka ɗore a haka, nan da shekara bakwai, daidai lokacin da kake ɗaure kayan komawa Zariya, takardar za ta zo da wajen dala 2,470. Nan da shekara 12 ta ninka ta yau. Cikin shekara 20 masu zuwa za ka zuba kusan dala 60,000, fiye da duk abin da ka kashe a baya. Ka kuma tuna da dala ake biya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A kan 1,500, kuɗin bana kaɗai ya kusa naira miliyan biyu da rabi, don mako guda a garin da sai ka sayi tikitin jirgi na miliyoyi kafin ka isa.

Ka buɗe takardunka ka duba abu ɗaya: shin takardar mallaka ce ta har abada, ko haƙƙin kwana ne mai wa'adi? Yawancin na Fulorida na har abada ne, kuma a ɗakin talla da wannan ake yi wa mutum romon baka, ana cewa jikokinka ma za su ci moriya. Irin wannan tsari na karɓa-karɓa an yi shi a Hasumiyar Zamzam da ke gaban Harami a Makka, amma da wa'adin shekara 24, mai saye ya san ranar da zai sauke. A Sifaniya dokar 1998 ta taƙaita shi zuwa shekara 50, har kotun ƙolin ƙasar ta rushe kwangilolin har abada a 2015. A Amurka babu wannan rangwame.

Ba na cewa kowa ya yi asara da irin wannan gida. Iyali mai yara huɗu da ke zuwa duk shekara ba fashi, suna dafa abincinsu a kicin ɗin gidan maimakon cin na waje (ga Musulmi mai neman halal wannan ba ƙaramin abu ba ne), suna iya cin riba, musamman in na-hannu suka saya da araha. Ga yadda za ka gwada kanka. Raba 1,640 gida bakwai, dala 234 ke nan a dare. Shiga shafin intanet na RedWeek, inda masu irin gidanka ke ba da hayar makonninsu, ka duba nawa ake ba da ɗaki irin naka a gidan naku a lokacin da kuke zuwa. A Olando sau da yawa za ka tarar hayar tana daidai da kuɗin shekara ko ƙasa da shi, kuma ɗan haya ba ruwansa da rufi. Ga wanda ya je sau shida cikin shekara goma sha ɗaya, yaransa na girma, shi kuma yana shirin barin ƙasar, ban ga dalilin riƙewa ba. Ka fita.

Kuma yanzu ne lokacin, domin kana da abu biyun da ake nema: babu sauran bashin saye a kanka, kuma ba a bin ka kuɗin shekara. Manyan kamfanonin wannan harka da dama suna da sashen karɓar gida daga wanda ya gaji, shafin ResponsibleExit na ARDA yana nuna yadda ake samun su. Ba dole ba ne su karɓa, ba za su ba ka ko kwabo ba, wasu ma sai ka biya ɗaruruwan daloli ko sama da dubu na aikin takardu. Ka karɓa da hannu biyu, ai bai kai kuɗin shekara guda ba. Ka rubuta musu wasiƙa ko imel, kada ka tsaya kan waya kawai, ka ce kana son mayar da takardar mallaka, ka faɗi dalili a taƙaice: ritaya ta kusa kuma za ka bar ƙasar. Ka aika kwafi ga shugabannin ƙungiyar masu gidan. Idan sun ƙi, ka sake rubutawa bayan 'yan watanni. A nan naci yana aiki.

Ka yi hattara da amsa guda. Za su iya cewa ka zo zaman "sabunta bayanan masu gida", inda za a nuna maka cewa matsalarka ita ce tsohon tsarin mako, in ka ƙara dala dubu goma sha wani abu ka koma tsarin maki, inda ake ba ka makin da za ka kama kwanaki da shi maimakon mako tsayayye, komai zai warware. Ɗakin nan ne dai na 2015, an sake masa fenti. Kada ka je.

Idan kamfanin ya ƙi sam, sai kyauta. A zauren intanet na TUG, inda masu irin waɗannan gidaje ke haɗuwa tun 1993, mutane kan ba da makonsu kyauta ga mai so da gaske, har su biya kuɗin canjin suna da na shekara mai zuwa don a karɓa. Ko ka nemi dillali mai lasisi wanda sai ya sayar yake cire la'adarsa. Dokar Fulorida ta hana dillali karɓar kuɗi tun kafin ciniki don kawai ya sa gidan a kasuwa, wannan kaɗai ya ishe ka ma'aunin tantance na gaskiya. Canjin sunan kuma a yi shi ta hannun kamfani mai rajista da ke kammala takardun cinikin gidaje.

To, masu dala 6,500. Yawancin abin da irin waɗannan ke yi, idan ma sun yi wani abu, shi ne wasiƙar da na ce ka rubuta da kanka. Wasu kuma cewa za su yi ka daina biya ka daina ɗaukar wayar kamfani, su zauna har a ƙwace gidan, sannan su aiko maka da takardar taya murna cewa ka fita. A 2020 babban lauyan jihar Washintan ya maka ɗaya daga cikin manyansu a kotu, Timeshare Exit Team, wanda har a rediyo ake tallarsa, a 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.61. Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan muni, masu kira su ce sun samo maka mai saye, sai dai ka tura kuɗin haraji tukuna. A 2023 ma'aikatar kuɗin Amurka ta sa takunkumi kan wasu kamfanoni a Meziko masu wannan damfara, da ke da alaƙa da gungun masu fataucin miyagun ƙwayoyi na Jalisco. Da zarar lambarka ta shiga hannun ɗaya, kira ba zai yanke ba. Duk wanda ya kira ka kan gidan nan ba kai ka neme shi ba, ka kashe wayar.

Daina biya fa? Zan gaya maka yadda take. Tara za ta hau, a miƙa ka ga masu karɓar bashi, a ƙarshe a ƙwace makon. Tabon yana zama a tarihin bashinka har shekara bakwai, daidai shekarun da za ka iya buƙatar tsaya wa Hanifa a bashin makaranta ko kama haya. Gaskiya ne a Fulorida akwai hanyar ƙwacewa ba tare da kotu ba, wadda idan mai gida bai ƙalubalanta ba ba a bin sa cikon abin da gwanjo bai biya ba. Shi ya sa wasu lauyoyi ke ɗaukar ta a matsayin mafitar ƙarshe. Amma ta ƙarshe ce, bayan an ƙwanƙwasa kowace ƙofa, kuma bayan zama da lauyan Fulorida da ya san harkar gidaje, wanda za ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu. Sannan kai Musulmi ne da ya sa hannu kan alƙawari, kuɗin da ya riga ya hau kanka bashi ne, sauran masu gidan ne za su ɗauka idan ka zame. Wannan ɓangaren ka kai wa malaminka.

Batun ƙanenka gajere ne: a'a. Yaron da bai daɗe da zuwa ba, yana fafutukar gina sunansa a wurin bankuna, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa yayansa ba ya so ba. Idan shi ya nuna sha'awa, ka ajiye masa takardun kuɗin shekara goma sha ɗaya a gabansa tukuna.

Gado kuma, ka san a shari'a sai an biya bashi an cika wasiyya kafin a raba, ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita wannan. A dokar Amurka ma dukiyar mamaci ce ke biyan abin da ake bin sa na gidan. Magada suna da damar ƙin karɓa a rubuce, galibi cikin wata tara, matuƙar ba su riga sun yi amfani da shi ba. Amma ka dubi abin da za ka bar wa yaran: suna cikin zaman makoki, suna neman lauya a jihar da ba tasu ba don su kuɓuta daga abin da ka kira gado. Kuma kada ka yarda a sa sunan ɗayansu a takardar mallakar yanzu da sunan sauƙaƙa musu, domin wanda sunansa ke kai ba shi da damar ƙi.

Saura Maman Hanifa. Ka ce "muka sa hannu". Masu tallan nan kusan kullum sai sun nace miji da mata su zo tare su sa hannu tare, don haka ina kyautata zaton sunanta na kan takardar. In haka ne, bashinta ne kamar yadda yake naka, tabon daina biya zai shafe ta, kuma ba za ka iya mayarwa ko kyautarwa ba sai da sa hannunta a gaban mai tabbatar da takardu. Babu hanyar fita da ba ta bi ta gabanta ba. Ɓoyewar da ka yi shekaru na fahimce ta, babu namijin da ke son jin "ai na faɗa maka". Za ta faɗa, kuma tana da gaskiya, ka haɗiye. Ka same ta da takardu a hannu da shawarar da ka yanke, ka gaya mata adadin yadda yake ba ragi, ka ba ta haƙuri kan ɓoyewar ba kan sayen kawai ba. Gara ta ji daga bakinka da ta tsinci wasiƙar masu karɓar bashi a akwatin gidan waya.

Takardar kuɗin sabuwar shekara galibi tana zuwa ƙarshen shekara, a nemi a biya cikin Janairu. Ka aika wasiƙarka a makon nan. Idan takardar ta riske ka ana tsakiyar magana, ka biya, don kada asusunka ya ɓaci su sami hujjar ƙi, ku kuma je ku yi hutun da kuka biya. Ranar da aka ce an gama, kada ka yarda da faɗar baki. Ka karɓi wasiƙar da ta ce babu abin da ake bin ku, sannan ka duba rajistar takardun gidaje ta gundumar da gidan yake, Orange ko Osceola, ana dubawa ta intanet, ka tabbatar sabuwar takardar mallaka ta shiga kuma sunanka da na Maman Hanifa sun fita.